Ruwan Kainji Ba Gishiri, Amma Alminiyum na Iya Tsagewa

Tun bayan kifewar jirgin katako kusa da Warrah ta Ngaski a watan Mayun 2021, ake ta kiran a koma jiragen alminiyum. Ban ƙi wannan ba. Abin da na ƙi shi ne hujjar da wani injiniya ya kafe a kai, wai tunda tafkin Kainji ba gishiri, tsagewar da cin ƙarfe da ɗaukar nauyi ke haddasawa matsalar teku ce kawai.

Hujjar tasa ta jingina ne ga bayanin Dix (1940): iyakokin ƙwayoyin ƙarfe su ke narkewa cikin ruwan gishiri, tsagar ta bi sawunsu. Bayanin bai mutu ba, amma bai gamsar ba. Speidel (1975) ya nuna cewa gaurayen alminiyum na rukunin 7000, masu tutiya da magniziyam, irin su 7075, suna tsagewa a iska mai danshi ko babu ɗigon gishiri, kuma saurin tsagar na ƙaruwa da ƙaruwar danshin. Tururin ruwa ne ke haɗuwa da sabon ƙarfen da ya bayyana a bakin tsaga, haidurojin ya fito, ya kutsa iyakokin ƙwayoyi, ya raunana su. Danshin damina a Yauri, a ganina, ya wadatar.

Injiniyan zai ce ai ba a ƙera gangar jikin jirgi da 7075, da 5083 ake yi. Gaskiyarsa, kuma nan dole in rage da'awata: shaidar haidurojin ta fi shafar ƙananan sassa masu ɗaukar nauyi da duk wani gauraye da ba a san asalinsa ba. Sai dai 5083 ma yana da nasa lagon. Magniziyam ɗinsa ya haura kashi 4 cikin ɗari. Idan ya daɗe a zafin da ya kai digiri 65 a ma'aunin Celsius, magniziyam ɗin kan taru a iyakokin ƙwayoyi, ya zama hanyar da cin ƙarfe zai bi. Irin haka ta faru ga wani gauraye makamancinsa a jiragen yaƙin Amurka ajin Ticonderoga, zafin rana ya gasa su tsawon shekaru. Wanda ya taɓa dafa ƙarfe da tsakar rana a mashigar Yauri cikin Afrilu ba zai raina wannan adadi ba, balle ga zafin walda.

A nan zai sake cewa waɗancan jiragen a teku suke. Na yarda ruwan daɗi na rage saurin ɓarnar ƙwarai. Amma jirgin kasuwa ba ruwan tafki kaɗai yake sha ba: buhunan gishiri da takin zamani da fitsarin dabbobi duk a ƙasansa suke tsiyaya, rana ta busar, ragowar ta taru a lungun walda. Don haka kafin a sayi falle ɗaya, a nemi shaidar ƙa'idar ASTM B928 ta fallen jiragen ruwa da gwajin G67 mai auna cin ƙarfe a iyakokin ƙwayoyi.