Madatsar attajirai da garin da ke ƙarƙashinta

A kan tsaunukan jihar Pennsylvania ta Amurka, kimanin kilomita 23 daga garin Johnstown, akwai wani kwari da aka taɓa toshe bakinsa da tulin ƙasa da duwatsu mai tsayin mita 22. Gwamnatin jiha ce ta gina wannan madatsa ta South Fork, aka gama a 1853, don tara ruwan da jiragen dakon kaya za su bi ta magudanun da aka haƙa. Ba ta daɗe ba jirgin ƙasa ya kashe wannan kasuwa. A 1857 kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya sayi magudanun har da madatsar, ba don yana da buƙatarta ba. Ta fashe a 1862, amma ruwan bai kai ya yi ɓarna mai yawa ba, aka bar ta haka ba gyara.

Daga nan ta shiga yawo hannu zuwa hannu, kowane hannu kuma sai ya rage mata wani abu. A zamanin wani ɗan majalisa, John Reilly, wanda ya saye ta a 1875, aka tone manyan bututun ƙarfe biyar da ke gindinta aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Da waɗannan bututu ne ake rage ruwa in tafki ya cika ko in za a yi gyara. A 1879 Benjamin Ruff ya saye ta wa wani kulob na kamun kifi da farauta, wanda mambobinsa suka haɗa da manyan masu kuɗin Pittsburgh irin su Andrew Carnegie da Henry Clay Frick da Andrew Mellon.

Gyaran da kulob ɗin ya yi shi ne abin da har yau injiniyoyi ke ba ɗalibansu labari. An cike gurbin da ya fashe da laka da duwatsu da rassan itace da ciyawa. Ba a mayar da bututun ba. An rage tsayin madatsar don hanyar da ke bisanta ta yi faɗin da keken doki biyu za su wuce juna. Sannan aka kafa raga a bakin hanyar da rarar ruwa ke fita, don kada kifin da aka zuba a tafkin ya tsere. Raga kuwa ba kifi kaɗai take tarewa ba, har da itatuwa da shara.

Ba a rasa masu gargaɗi ba. Daniel Morrell, shugaban kamfanin ƙarfe na Cambria da ke Johnstown, ya tura injiniyansa John Fulton ya duba ta a 1880. Fulton ya nuna matsalar rashin bututu da raunin gyaran, Ruff ya yi watsi da rahoton. Babu wata hukuma da Morrell zai kai wa ƙara, domin a lokacin babu dokar da ta ba wani jami'i ikon duba madatsar da ke kan filin mutum.

An kwana ana sheƙa ruwa, ranar 31 ga Mayu 1889 tafki ya wayi gari cike maƙil. Ma'aikata suka yi ta ƙoƙarin ƙara ƙasa a sama da haƙa wata mafita, injiniyan kulob John Parke ya hau doki ya je aka buga waya zuwa gari. Mutanen Johnstown sun sha jin irin wannan kururuwa a baya ba abin da ya faru, da yawa ba su motsa ba. Ruwa ya haura kan madatsar, wajen ƙarfe uku na rana ya cinye tsakiyarta. Madatsar ƙasa na iya riƙe ruwa shekara da shekaru, amma in ya bi ta kanta, zaizaye ta yake yi nan take. Cikin kimanin awa guda ambaliyar ta isa gari ɗauke da gidaje da taragai da wayar ƙaya. Tarkacen ya taru a gadar dutse ta jirgin ƙasa ya kama wuta. Mutum 2,209 suka mutu, 777 daga cikinsu an binne su ba a san sunayensu ba.

An kai kulob ɗin kotu, ba a samu ko sisin diyya ba. Lauyoyinsa, Philander Knox da James Reed, su ma mambobi ne, suka ce ƙaddara ce daga Allah. Fushin jama'a ya sa kotunan jihohi da dama suka rungumi hukuncin Ingila na 1868, Rylands da Fletcher, wanda ya ce duk wanda ya tara ruwa a filinsa shi ke da alhakin ɓarnarsa, ko an tabbatar ya yi sakaci ko ba a tabbatar ba.

Dokar duba madatsu kuwa ta yi nawa ƙwarai. Sai da madatsar wani kamfanin takarda ta fashe a garin Austin na Pennsylvania a 1911, ta kashe mutum 78, sannan Pennsylvania ta yi doka a 1913. Gwamnatin tarayya ta yi tata a 1972 bayan bala'in fashewar madatsar Buffalo Creek, amma aikin bai kankama ba sai da ƙaramar madatsar ƙasa ta Kelly Barnes, mallakar wata kwaleji a jihar Georgia, ta fashe cikin dare a Nuwamba 1977, mutum 39 suka rasu. Shugaba Jimmy Carter ya tura injiniyoyin soja suka duba madatsu kusan 9,000 da ba na tarayya ba, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci.

Ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta wanke kulob ɗin South Fork a rahotonta na 1891, ta ce ko ba a taɓa madatsar ba da ta fashe. Binciken da masana suka wallafa a 2016 ya nuna akasin haka: canje-canjen da aka yi mata sun rage kusan rabin ruwan da take iya fitarwa lokacin ambaliya.