Sau Uku Kafin Su Kai Patigi

 A wannan mako za mu waiwayi tarihin wasu samari uku da suka sauka a Legas ranar 4 ga Disamba, 1893: Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent. Biyun farko daga Kanada suka taso, Kent kuwa daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, wato sa'o'inku ne. Burinsu shi ne su kai bishara yankin da Turawa ke kira Sudan a wancan zamani. Ba ƙasar Sudan ta yau ake nufi ba. Sunan ya haɗa faffaɗan yankin da ke kudu da hamadar Sahara, har da ƙasar Hausa da maƙwabtanta.

Ƙungiyoyin mishan da suka nema ba su yarda su aike su ba, sai suka taho da ɗan abin da ke hannunsu. A Legas wani babban ɗan mishan ya gaya musu cewa ba za su ga cikin ƙasar ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai dai watakila jikokinsu. Ba mugunta ta sa ya faɗi haka ba. Zazzaɓi yana kashe baƙin Turawa a gaɓar teku ba ƙaƙƙautawa, kuma a lokacin ba a ma san sauro ne ke yaɗa shi ba. Sai a 1897 aka gano ƙwayar cutar a cikin sauro.

Zazzaɓin ya kwantar da Bingham tun a Legas, sai aka bar shi can domin ya riƙa tura wa sauran kaya. Gowans da Kent suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, a ƙasar Zazzau, Kent kuma ya rasu a Bida. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ba a kafa ikilisiya ko ɗaya ba, ba a buɗe tasha ba. Abin da aka bari a baya kaburbura biyu ne.

Da ya isa, ya je wurin mahaifiyar Gowans da 'yan kayan ɗanta. Abin da ta faɗa masa ya zauna a zuciyarsa har ƙarshen ransa: ta gwammace ɗanta ya mutu can shi kaɗai cikin biyayya ga Ubangiji, da ya zauna kusa da ita cikin rashin biyayya. Wannan uwa ba ta taka ƙasarmu ba, amma ƙarfin halinta yana cikin abin da muka gada.

A 1900 Bingham ya sake tahowa da wasu samari biyu. Bai daɗe a Legas ba zazzaɓi ya sake kama shi, aka sa shi a jirgin ruwa aka mayar da shi gida. Abokan tafiyarsa suka karaya, suka biyo bayansa. A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Tafiyar farko akwai zafin ƙuruciya a cikinta, kuma wanda bai san zurfin ruwa ba yana da saurin faɗawa. Amma mutumin da ya rasa abokai biyu, ya sake gwadawa ya dawo da kunya, ya san ainihin abin da yake tsoro. Shekara bakwai ke nan ba abin nunawa. Da ya haƙura a nan, ba wanda zai zarge shi.

Bai haƙura ba. Jikinsa bai ba shi damar zama a nan ba, sai ya karɓi aikin tara mutane da kuɗi daga Kanada. A 1901 aka aiko ayari na uku, mutum huɗu, kuma a 1902 suka kafa tasha a Patigi, a ƙasar Nupe, bakin kogin Kwara. Ɗaya daga cikinsu, A. W. Banfield, ya yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. A wannan shekarar ce kuma Andrew Stirrett ya iso, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Ya zauna a ƙasar nan har ya rasu a Jos a 1948. Masu zuwa daga baya sun koyi shan kwinin a kai a kai, mace-mace suka ragu. Dogara ga Allah ba ta hana su shan magani ba, kamar yadda ba ta hana mu karatu, shiri da neman shawara.

Sauran labarin muna ganinsa da idonmu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da 'yan mishan na ƙungiyoyi dabam-dabam suka yi tare da Hausawa masu sanin harshen. A 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. Bingham bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1942. Kuma kada mu manta, yawancin ƙauyukan da bishara ta shiga, iyayenmu da kakanninmu ne suka kai ta, a ƙafa ko a kan keke, suna noma suna wa'azi, wasunsu danginsu sun juya musu baya. Sunayensu ba su shiga littattafai ba, amma Ubangiji ya san su.

Sau da yawa muna ɗaukar bangaskiya kamar ciniki: in mun dogara, dole ƙofa ta buɗe nan take. Gowans da Kent sun dogara, suka mutu ba su ga girbi ba. A Daniyel sura 3, samari uku sun shaida wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wuta, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Irin wannan bangaskiyar ce ke iya tashi bayan faɗuwa ta biyu.

Wani a cikinku ya rubuta jarrabawa sau biyu bai samu ba. Wata ta gama makaranta shekaru ba aiki. Wasu sun bar gonakinsu saboda rashin tsaro, wasu suna shan ba'a saboda sun ƙi cin hanci. Tsoron da kuke ji ba zunubi ba ne, kuma ba alama ce cewa Allah ya yashe ku ba. Ku kawo shi gabansa, ku gaya wa ɗan'uwa amintacce, ku gyara shiri, ku sake tashi.

Karatun wannan mako: Joshuwa 1:1-9, Daniyel 3, da 2 Korintiyawa 4:7-18.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ka san abin da ke firgita kowannenmu. Ka ba mu zuciyar yi maka biyayya ko mun ga amfanin da idonmu ko ba mu gani ba. Ka ɗaga waɗanda suka karaya a cikinmu. A cikin sunan Yesu, amin.