Littattafan taimakon kai

Littattafan taimakon kai, waɗanda wasu ke kira littattafan gina kai ko na inganta rayuwa, su ne littattafan da ake rubutawa domin mai karatu ya gyara wani ɓangare na rayuwarsa da kansa, ba tare da ya zauna gaban likita ko malami ba. Batutuwan da suka fi taɓawa sun haɗa da neman manufar rayuwa, tara dukiya, zaman aure, iya mu'amala da mutane, barin mugayen ɗabi'u da kuma rage damuwa. Suna cikin littattafan da suka fi kasuwa a duniya, kuma an daɗe ana muhawara a kan ko suna da amfani. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa amsar ta danganta da irin littafin. Waɗanda suka tsaya a kan matsala guda, aka kuma gina su a kan hanyar da aka gwada, suna da hujja mai ƙarfi a bayansu. Waɗanda ke alƙawarin sauya rayuwa baki ɗaya kuwa, akasarinsu ba a taɓa gwada su ba.

Suna

Sunan wannan rukuni a Turanci ya shahara ne daga littafin Self-Help na Samuel Smiles. A Hausa har yanzu ba a tsaya a kan kalma ɗaya ba. Kalmar "taimakon kai da kai" ta riga ta kama wata ma'ana a bakin jama'a, wato ƙungiyoyin unguwa da ke haɗa kuɗi su gyara magudanar ruwa ko su gina aji a makaranta. Wannan aikin gayya ne, alhali littattafan da ake magana a kansu mutum ɗaya suke fuskanta, shi kaɗai. Shi ya sa wasu masu rubutu suka fi son "gina kai".

Tarihi

Rubuta nasiha domin gyaran hali tsohon abu ne. Akwai nasihohin Ptahhotep daga tsohuwar Masar, akwai littafin tunane-tunanen Marcus Aurelius, sarkin Rum, akwai kuma Ayyuhal Walad na Imam al-Ghazali. Amma salon da aka sani a yau ya fara ne da Smiles, ɗan ƙasar Sikotland wanda ya karanci likitanci sannan ya koma aikin jarida. Littafinsa ya samo asali daga laccocin da ya yi wa wasu matasan ma'aikata a garin Leeds na Ingila, kuma ya fito a shekarar 1859. Ya cika shi da labaran mutane irin su James Watt da George Stephenson da Josiah Wedgwood, domin ya nuna cewa naci da tsimi da kyawun hali ne suka ɗaga su. An sayar da kwafi kusan 20,000 a shekarar farko, kuma kafin rasuwarsa a 1904 adadin ya haura 250,000. Nakamura Masanao ya fassara shi zuwa Japananci a 1871, ya zama ɗaya daga cikin littattafan da aka fi karantawa a Japan ta wancan zamani. Yaƙub Sarruf kuma ya fassara shi zuwa Larabci da sunan Sirrun Najah a 1880.

A ƙarni na 20 cibiyar wannan rubutu ta koma Amurka. Dale Carnegie ya fitar da How to Win Friends and Influence People a 1936, Napoleon Hill ya biyo baya da Think and Grow Rich a 1937, duka a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Fasto Norman Vincent Peale ya wallafa The Power of Positive Thinking a 1952. Daga nan aka samu The 7 Habits of Highly Effective People na Stephen Covey a 1989, Rich Dad Poor Dad na Robert Kiyosaki a 1997, The Secret na Rhonda Byrne a 2006, da Atomic Habits na James Clear a 2018. Idan aka jera su, za a ga yadda nauyi ya riƙa sauka daga kan hali da haƙuri, kamar yadda Smiles ya koyar, ya koma kan iya magana da mutane, sannan kan tunani kawai.

Littattafan manufar rayuwa

Littafin da aka fi ambata a wannan reshe shi ne Man's Search for Meaning na Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ciki har da Auschwitz. An fara buga shi da Jamusanci a 1946. Frankl ya koyar da cewa mutum na samun ma'anar rayuwa ta hanyoyi uku: aikin da yake yi, ƙaunar da ke tsakaninsa da wani, da kuma yadda yake ɗaukar wahalar da ba makawa sai ta same shi. Babban ɓangaren littafin labarin abin da ya gani ne a sansanin, ba jerin matakai ba, don haka wasu ba sa ma lissafa shi a cikin rukunin. The Purpose Driven Life na Fasto Rick Warren, wanda ya fito a 2002, ya kalli batun ta fuskar addinin Kirista, an kuma tsara shi babi 40 domin a karanta a kwana 40.

Littafin Ikigai na Héctor García da Francesc Miralles, wanda ya fito a 2016, ya yaɗa wata kalmar Japananci a duniya. Kalmar haɗi ce ta "iki", wato rayuwa, da "kai", wato daraja ko amfani. A wurin masu harshen tana iya nufin ƙaramin abu, kamar jika ko lambu ko shayin safe, duk abin da ke sa mutum ya ji daɗin wayewar gari. Likitar ƙwaƙwalwa Mieko Kamiya ta rubuta littafi guda a kan kalmar tun 1966. Amma hoton da'irori huɗu da ake yaɗawa da sunan ikigai, mai haɗa abin da mutum ke so da abin da ya iya da abin da duniya ke buƙata da abin da za a biya shi a kai, ba daga Japan ya fito ba. Wani Basifaniye, Andrés Zuzunaga, ya zana shi a kan "manufa", sai wani Bature mai suna Marc Winn ya ɗora masa kalmar ikigai a 2014. Ta haka kalmar da ba ta da alaƙa da albashi ta koma shawarar zaɓen sana'a.

Akwai bincike da ke nuna cewa mutanen da ke jin rayuwarsu na da manufa sun fi tsawon rai. Patrick Hill da Nicholas Turiano sun ga haka a 2014, bayan nazarin bayanan Amurkawa sama da 6,000 da aka bibiya tsawon shekara 14. Sai dai wannan alaƙa ce kawai, ba ta tabbatar da wanne ne sanadin wanne ba, kuma ba ta nuna cewa karanta littafi ne ke samar da manufar ba.

Abin da gwaji ya nuna

Hujja mafi ƙarfi tana wajen littattafan da ke magance damuwa da fargaba. Misali shi ne Feeling Good na David Burns, wanda ya fito a 1980, aka gina shi a kan hanyar jinya ta gyara tunani da ɗabi'a. Forrest Scogin da abokan aikinsa sun gwada shi sau da dama tun ƙarshen shekarun 1980, suka ga masu ciwon damuwa mara tsanani sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka bari suna jira. A 2010 Pim Cuijpers da wasu masana sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 21, ba su ga wani babban bambanci ba tsakanin ganin ƙwararre ido da ido da kuma aiki da littafi tare da ɗan jagoranci. Wannan jagorancin shi ne ginshiƙin al'amarin: wani ma'aikacin lafiya yana kira ko yana ganawa da mai karatun lokaci-lokaci. Idan babu shi amfanin yana raguwa, kuma da yawa ba sa kai ƙarshen littafin. A kan irin wannan hujja ne yankin Wales ya fara shirin da likita ke rubuta wa majinyaci sunan littafi ya je ɗakin karatu ya aro, a 2005. Ingila ta bi sahu a 2013.

A 2008 Richard Redding da abokansa sun auna littattafai 50 masu farin jini a kan damuwa da fargaba da firgici. Waɗanda suka fi samun maki su ne na marubuta masu horo a fannin, kuma masu magana a kan matsala ɗaya.

Wasu shawarwarin kuma da aka gwada su sai suka ba da akasin abin da ake fata. Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta sa ɗalibai su riƙa nanata wa kansu cewa su abin ƙauna ne. A sakamakon da aka buga a 2009, waɗanda dama ke ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi, amma masu raina kansu, waɗanda domin su ake ba da shawarar, sai suka ƙara jin ba daɗi. Gabriele Oettingen ta gano cewa ɗaliban da suka fi yawan mafarkin samun babban aiki sun aika takardun neman aiki kaɗan, kuma bayan shekara biyu albashinsu bai kai na sauran ba. Bayaninta shi ne, daɗin hasashen nasara yana sa jiki ya saki kamar an riga an samu. Abin da ta ga yana aiki shi ne mutum ya haɗa burin da tunanin cikas ɗin da ke gabansa, ya kuma tsara abin da zai yi idan ya gamu da shi.

Labaran da ba su da tushe

Akwai wasu "hujjoji" da ke yawo daga littafi zuwa littafi ba tare da an duba asalinsu ba. Ɗaya shi ne cewa kwana 21 ake buƙata kafin sabuwar ɗabi'a ta zauna. Maganar ta samo asali ne daga Maxwell Maltz, likitan fiɗa, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabon kamanninsu. Da Phillippa Lally ta gwada batun a Landan da mutum 96, sai ta samu matsakaicin kwana 66, kuma tazarar ta kama daga kwana 18 zuwa 254. Wani kuma shi ne labarin ɗaliban Jami'ar Yale na 1953, wai kashi 3 cikin ɗari da suka rubuta burinsu a takarda sun fi sauran kashi 97 dukiya bayan shekara 20. Mujallar Fast Company ta bi diddigi a 1996, ba a samu alamar an taɓa yin binciken ba. Haka nan Napoleon Hill ya ce attajiri Andrew Carnegie ne ya ɗora masa aikin nazarin masu arziki, amma David Nasaw, wanda ya rubuta tarihin Carnegie, bai ga wata shaida cewa mutanen biyu sun taɓa haɗuwa ba.

Harshen littattafan

Wani ɓangare na ƙarfin waɗannan littattafai yana cikin yadda ake rubuta su. Sukan yi magana da mai karatu kai tsaye da wakilin suna na mutum na biyu, su yawaita sigar umarni, su sa lamba a take, kamar ɗabi'u bakwai ko dokoki goma sha biyu. Sukan kuma yi amfani da jimlolin da suka dace da kusan kowa, har mai karatu ya ji kamar shi ake nufi. Bertram Forer ya nuna tasirin wannan a 1948, lokacin da ya ba ɗalibansa 39 takarda iri ɗaya, ya ce wa kowa bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Jin cewa littafi ya faɗi gaskiyar mutum, ke nan, ba shaida ba ne cewa shawararsa za ta yi aiki.

Suka

Masu suka na cewa littattafan suna kawo labarin waɗanda suka yi nasara ne kawai, ba a jin ɗuriyar dubban da suka bi hanya ɗaya suka faɗi. Barbara Ehrenreich, a littafinta Bright-sided na 2009, ta bayyana yadda aka riƙa matsa mata ta yi fara'a lokacin da take jinyar sankarar mama, ta ce koyarwar da ke cewa tunani ne ke jawo komai tana ƙarewa ne da ɗora wa mara lafiya da talaka laifin halin da suke ciki. Steve Salerno, wanda ya yi aiki a wani kamfanin buga irin waɗannan littattafai, ya rubuta a 2005 cewa wanda ya fi yiwuwa ya sayi sabon littafi shi ne wanda ya sayi makamancinsa cikin wata 18 da suka wuce. Masu kare littattafan kan amsa da cewa sake saye ba ya nufin na farko bai yi amfani ba, kuma littafi ya fi kuɗin ganin ƙwararre araha nesa ba kusa ba.

A ƙasashen Musulmi da Afirka

Malamin Masar Muhammad al-Ghazali ya rubuta Jaddid Hayataka bayan ya karanta littafin Dale Carnegie na 1948 a kan barin damuwa, inda ya kawo wa batutuwan hujjoji daga Alƙur'ani da Hadisi. La Tahzan na A'id al-Ƙarni, ɗan Saudiyya, ya bi irin wannan layi, kuma ana samunsa a shagunan littattafan addini na Arewacin Najeriya. A kudu kuma, ƙananan littattafan kasuwar Onitsha na shekarun 1950 da 1960 sun ƙunshi shawarwari kan neman kuɗi da rubuta wasiƙa da zaman birni.

Littattafan Amurka da ake sayarwa a bakin titi da harabar jami'o'i an rubuta su ne da tunanin mai karatun da ke da albashi tsayayye da bashin banki mai sauƙi, wanda kuma shi kaɗai ke yanke shawarar rayuwarsa. Wanda albashinsa ke ciyar da gida uku zai ga shawarwari da yawa ba su hau kansa ba. A gefe guda, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane sama da miliyan 200, abin da ke sa taimakon kai mai jagoranci ya zama abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri mai suna Self-Help Plus, na zama biyar, da ya haɗa sautin da aka naɗa da littafi mai hotuna, wanda mutanen da aka ba ɗan gajeren horo ke jagoranta. An gwada shi a arewacin Uganda da mata 694 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, kuma sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu bayan wata uku. An gabatar musu da darussan ne da Larabcin Juba, harshen da suke ji.