Bayosensa da Gano Ɓauru da Wuri: Nazari daga Kurmin Mashi, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yiwuwar amfani da bayosensa wajen gano cututtukan bairos na shanu tun kafin su bazu, tare da ɗaukar ɓauru, wato ciwon baki da kofato, a matsayin misali, da yankin Kurmin Mashi a matsayin farfajiya. Matsayarta ita ce na'urar kan ba likita ratar kwana ɗaya ko biyu, kuma amfanin ratar ya dogara ne da inda aka ajiye na'urar.

Gabatarwa

Babbar hanyar Nnamdi Azikiwe da ta ratsa Kurmin Mashi ita ce tirelolin shanu ke bi daga kasuwannin Arewa zuwa Kudu. Kusa da unguwar akwai Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Mando, reshen Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma zango da mahauta a Tudun Wada. Wato shanun garke daban-daban na haɗuwa a wannan sashe na gari, ma'aikatan da za a koya wa gwaji ma suna nan. Sai dai samfurin da ake son tabbatarwa yakan yi tafiyar sa'o'i zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924 saboda bushiya. Kafin sakamako ya dawo, sanuwar da aka ɗebi samfurinta ta sauya hannu.

Yadda na'urar take

Bayosensa abu biyu ne a haɗe: wani sinadari daga jikin mai rai da ke kama abu ɗaya tak da ake nema, kamar ƙwayar cuta, da sashen da ke mayar da kamun zuwa alama, ko layi mai launi, ko haske, ko motsin lantarki. Leland Clark da Champ Lyons ne suka aza tubalinta a 1962 don auna sukarin jini. Mafi sauƙinta ita ce 'yar takardar gwaji irin wadda ake ɗiga wa jini a asibiti don gano maleriya.

Likitocin dabbobi ba baƙinta ba ne. A ƙarshen shekarun 1990 cibiyar Pirbright ta Ingila ta fito da takardar da ke gano bushiya daga hawayen saniya cikin 'yan mintoci, aka yi aiki da ita a Pakistan da gabashin Afirka. Bushiyar da ta kassara garkunan Nijeriya a 1983 an ayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Allurar rigakafi ce ta yi babban aikin, amma gwajin bakin garke ya taimaka wajen gano inda cutar ta rage.

Ɓauru da taƙaitaccen lokacinsa

Ɓauru ya fi bushiya wuyar sha'ani. Nau'insa bakwai ne, huɗu daga ciki, wato O da A da SAT1 da SAT2, an tabbatar da su a Nijeriya, kuma allurar wani nau'in ba ta kare dabba daga wani. Ba kasafai yake kashe manyan shanu ba, shi ya sa wasu makiyaya ke ɗaukarsa baƙon shekara-shekara. Amma yana kashe maruƙa ta hanyar lalata zuciya, yana ƙafar da nono, yana gurgunta bijimin huɗa daidai lokacin da gona ke jiransa.

Binciken da Bryan Charleston da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a 2011 ya nuna cewa saniya kan yaɗa cutar na kimanin kwana 1.7 ne kawai, kuma yawanci sai bayan alamu sun bayyana da kusan rabin yini, alhali ana iya ganin ƙwayar a samfurin jikinta tun kafin nan. A nan ne darajar gwajin wuri take. Wanda ya ware sanuwar kafin dalala da ɗingishi su kankama, ya yanke mafi yawan yaɗuwar.

Sai dai takardar gwajin ɓauru da aka fi sani tana buƙatar ɓawon ƙurji ko ruwansa, wato sai cuta ta riga ta fito fili. Tabbatarwa take yi, ba gargaɗi ba. Gargaɗin na hannun hanyoyin da ke neman ƙwayar gadon bairos, irin su LAMP da masanan Japan suka ƙirƙiro a 2000, wadda ke aiki a zafi ɗaya na digiri 60 zuwa 65, ba sai da babbar na'ura ba.

Madara, ba nono ba

Ƙwayar ɓauru kan fito a madara har kwana huɗu kafin alamu, kuma an jarraba sa ido ta hanyar gwada madarar da aka tara a Kenya da Saudiyya. Wannan ya dace da Kaduna, inda ƙungiyar MILCOPAL ke karɓar madara daga ƙungiyoyin makiyaya. Gwaji ɗaya kan randa ɗaya zai yi magana a madadin garke da yawa, ba tare da an kama ko da saniya guda ba. Abin lura shi ne tsami na wargaza wannan ƙwayar, don haka da safe za a ɗebi samfurin, kafin madara ta koma kindirmo.

Cikas

Zafin bazara na rage ƙarfin sinadaran gwaji, ƙurar hunturu na gurɓata samfuri, kuma sakamakon bakin garke na buƙatar tabbacin Vom don sanin nau'i. Babban cikas ɗin kuwa ba na kimiyya ba ne. Dillalin da gwaji zai tsare masa tirela ba tare da diyya ba zai bi da dare ne, makiyayi kuma zai ɓoye marar lafiya a ruga.

Saboda haka wannan nazari ke ganin a fara da cibiyoyin tara madara maimakon shingen hanya, a horar da ɗaliban Mando kan ɗiban samfuri, sannan Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ta haɗa kowane rahoton ɓauru da allurar da ta dace da nau'in da aka gano, kyauta ga garkunan da ke maƙwabtaka.