Tace hotunan bangon faifan kiɗan rok a ƙasashen duniya

A zamanin faifan garmaho, hoton da ke jikin kwalin faifai shi ne abin da mai saye ke fara gani a kanti. Wannan ya sa tun daga shekarun 1960 hotunan faifan mawaƙan rok suka zama abin taƙaddama, har faifai guda kan fita da fuska biyu, kowace ƙasa da tata. Mai tilasta canjin ya danganta da ƙasar: wani wuri gwamnati ce, wani wuri kotu ko doka, wani wuri kuma 'yan kasuwa.

A Amurka, inda tsarin mulki ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, galibi kamfanoni da kantuna ne ke yin tacewar. A 1966 kamfanin Capitol ya buga faifan Yesterday and Today na ƙungiyar Beatles da hoton mawaƙan sanye da fararen riguna irin na mahauta, ga ɗanyen nama da sassan 'yan tsana a jikinsu. Da ƙorafi ya yi yawa, kamfanin ya janye faifan, ya liƙa wani hoto a kan na farkon. A 1990 wasu kantuna suka ƙi faifan Ritual de lo Habitual na Jane's Addiction saboda tsiraici, sai ƙungiyar ta fitar da farin bango ɗauke da ayar tsarin mulkin da ta ba da wannan 'yanci. Haka kuma manyan kantunan Walmart da Kmart sun ƙi sayar da In Utero na Nirvana, wanda ya fito a 1993, sai da aka sauya hoton bayansa.

A Sifaniya kuwa, ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Franco, hukumar gwamnati ce ke yanke hukunci. Faifan Sticky Fingers na Rolling Stones ya fito a 1971 da hoton ƙugun namiji cikin matsattsen wando, wanda Andy Warhol ya tsara. Hukumar ta haramta shi, aka maye gurbinsa da hoton yatsun hannu tsome cikin buɗaɗɗen gwangwani, aka kuma cire waƙar Sister Morphine.

Damuwar Jamus ta tarihi ce. Sashe na 86a na dokar hukunta laifuka ta ƙasar ya hana nuna alamun ƙungiyoyin da aka haramta, ciki har da na 'yan Nazi. Haruffan S guda biyu na tambarin ƙungiyar Kiss sun yi kama da alamar rundunar SS ta Hitler, don haka tun wajen 1980 ake buga faifanta a Jamus da tambari na daban, duk da cewa biyu daga cikin waɗanda suka kafa ta, Gene Simmons da Paul Stanley, Yahudawa ne.

A Birtaniya magana ta kai gaban alƙali. A 1977 aka gurfanar da manajan wani kantin Virgin a birnin Nottingham bisa wata doka ta 1889, saboda ya baje kolin faifan Sex Pistols mai ɗauke da kalmar da ake ɗauka batsa ce. Lauya John Mortimer ya kawo masanin harshe ya bayyana daɗaɗɗen asalin kalmar, kotu ta wanke manajan.

Sau da yawa haramcin ya ƙara wa hotunan daraja ne. Masu sha'awa sun riƙa ɓamɓare hoton da Capitol ya liƙa don su ga na ƙasa, kuma a yau faifan Beatles mai hoton asali na cikin mafi tsada a kasuwar masu tara tsofaffin faifai.