TARIHIN OCTA-CORE: Yadda Aka Koya Wa Ƙwaƙwalwa Takwas Aiki Ba Rigima



Kwanan baya wani dattijo manomin albasa daga wajen Goronyo ya zo shagona nan Kwargaba da sabuwar waya. Ya ce, "Yaro, an ce mini ƙwaƙwalwa takwas gare ta, na zuba kuɗin buhuna, amma ta ɗan maƙwabcina ta fi ta gudu. Ko cuta ta aka yi?" Na ce, "Baba, takwas ɗin ne, ba a yi maka ƙarya ba. Sai dai maganar tana da tarihi." Shi ne na ce bari in kawo muku shi.

Duk wayar Android, ko Tecno ce, ko Infinix, ko Samsung, akwai wata manhaja can ƙasan komai da ake kira kanel. Ita ke raba wa furosesa aiki. Sunanta Linux, kuma wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991 don kwamfuta mai ƙwaƙwalwa ɗaya tak.

A 1996 Linux 2.0 ya fito, ya fara karɓar kwamfuta mai ƙwaƙwalwa biyu ko fiye. Nan rigima ta taso. Ka ɗauka mai shago ne da yara takwas, amma littafin lissafi ɗaya. Biyu suka ga an rubuta 50, kowanne ya sayar da kaya ɗaya, kowanne ya rubuta 51. Ka ga ciniki ɗaya ya ɓata ke nan. Maganin da aka fara yi shi ne babban kwaɗo guda: ƙwaƙwalwar da ta shiga kanel ta kulle ƙofa, saura su yi layi. Lissafi ya daidaita, amma an koma kusan gidan jiya, mutum ɗaya na aiki saura na zaman jira.

Sai aka ce to, a ba kowa layinsa a cikin littafin. Nan ma da sauran rina a kaba. Kowace ƙwaƙwalwa tana da ɗan aljihunta mai sauri inda take ajiye abin da take aiki da shi, kuma tana ɗauka ne guntu-guntu, yawanci bayit 64 a tare. In layinka da na ɗan'uwanka suna shafi ɗaya, duk wanda zai yi rubutu sai ya fizge shafin daga aljihun ɗayan. Lokaci ya ƙare a fizge-fizge.

A 2002 Rusty Russell, ɗan Ostiraliya, ya kawo tsarin da ake kira per-CPU. Ma'anarsa a ba kowace ƙwaƙwalwa littafinta daban, nesa da na saura. Kowa ya rubuta nasa ba kwaɗo ba jira, in ana son jimilla sai a tattara a haɗa, kamar yadda maigida ke haɗa ciniki da yamma. Da wannan tsarin Linux 2.6 ya fito a Disambar 2003.

Amma abin bai tsaya da sauƙi ba. Kwamfutoci masu bit 64 na Intel da AMD suna da wani ƙaramin littafi na daban da ake ce wa PDA, ga kuma na per-CPU, hanya biyu don aiki ɗaya. A 2009 Tejun Heo da Brian Gerst suka haɗe su, Tejun kuma ya sake rubuta yadda ake yanka wa kowace ƙwaƙwalwa wurinta. A 2010 Christoph Lameter ya ƙara sauƙaƙa wa masu rubuta kanel. Da can sai ka tambayi wace ƙwaƙwalwa kake kai, ka hana a ɗauke ka, ka nemo littafin, sannan ka rubuta. Ya mayar da shi kira ɗaya: ƙara ɗaya a nawa. A 2011, cikin Linux 2.6.39, aka cire babban kwaɗon nan gaba ɗaya, bayan shekara 15.

Duk wannan wahala don manyan kwamfutoci aka sha ta, sai ga shi mu muka ci moriya. LG Optimus 2X, wayar farko mai ƙwaƙwalwa biyu, ta bazu kasuwannin duniya a 2011. A ƙarshen 2013 MediaTek suka fitar da MT6592 mai takwas masu aiki lokaci guda. Da ba a riga an share hanya ba, da takwas ɗin nan layi kawai za su riƙa yi.

To, mu koma kan Baba. Per-CPU ya kashe rigima ne, bai mayar da rago jarumi ba. Da na duba, furosesar wayarsa Unisoc SC9863A ce, takwas ɗin duka ƙanana ne, Cortex-A55. Ita kuwa irin Helio G85, ƙananan shida ne, ga manya biyu Cortex-A75. Buɗe manhaja ko loda shafi yawanci kan ƙwaƙwalwa ɗaya ko biyu nauyin yake faɗawa, shi ya sa mai manya take fin gudu, alhali duka biyun octa-core aka rubuta a kwali. Ga kuma ƙarancin RAM da ke ƙara nauyi.

Saboda haka kafin ka ƙirga kuɗi, kar ka tsaya kan takwas. Tambayi sunan furosesar, ko ka sauke CPU-Z daga Play Store ka ga nawa ne manya, nawa ne ƙanana. In kana son ganin kanel ɗin wayarka, shiga Settings, About phone, Android version, za ka ga Kernel version.

Baba dai ya ce zai haƙura da tasa har albasa ta yi kuɗi. Allah ya kai mu, ya sa mu dace.