Yadda "Affirm" Ta Samu Kujera a Kotun Ingila

Kalmar Turanci "affirm", wadda yau ake jefawa cikin hira da ma'anar faɗin magana gaba gaɗi, sai da mutane suka sha ɗauri kafin kotun Ingila ta karɓe ta. Mabiya ɗarikar Kwaka, wadda George Fox ya kafa a ƙarni na 17, sun ƙi taɓa Baibul su rantse. A ganinsu mai rantsuwa ya amsa ke nan cewa gaskiyarsa biyu ce, ta kotu da ta kasuwa. Aka yi ta tura su kurkuku, har dokar 1695 ta yarda su tabbatar da magana da fatar baki, wato "affirm", maimakon rantsuwa, ban da shari'ar laifi.

Masu suka sun ce in an cire tsoron Allah, me zai hana shaidar zur? Ai dokar ta tanadar wa mai tabbatar da ƙarya hukuncin mai rantsuwar ƙarya, kuma maƙaryaci bai taɓa jin nauyin ɗaga littafi ba. Duk da haka majalisa ta yi ta korar Charles Bradlaugh, wanda bai yarda da addini ba, a kan batun rantsuwar kama aiki, bayan mazaɓar Northampton ta zaɓe shi a 1880. Sai 1886 ya zauna daram, dokar 1888 kuma ta ba irinsa damar tabbatarwa.